Gasar kwana shida a Gent: yaya zan raba ƙarfina har ƙarshen mako?

Ɗan Maraɗi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga duk wanda ya taɓa hawa keke a kan filin tsere na katako ce, ko wanda ya zauna kusa da masu hawa.

An sa sunana cikin matasa 'yan ƙasa da shekara 23 da za su yi tsere a makon gasar kwana shida ta birnin Gent, nan Beljiyam, a watan Nuwamba. Mu ne masu buɗe fili da yamma kafin manya su shigo. Filin shi ne Kuipke, wanda ke cikin lambun Citadelpark. Ni duk horona a filin Eddy Merckx na Blaarmeersen na yi shi, mai tsawon mita 250. Kuipke kuwa mita 166 da ɗoriya ne, zagaye shida ke ba ka kilomita ɗaya. Da aka ba mu damar gwada shi, kwanar farko ji na yi kamar ana danna ni cikin sirdi, kuma kafin in ɗaga kai wata kwanar ta iso. Babu miƙe da za ka huta a kai.

Abin da ke hana ni barci shi ne, ban taɓa yin tsere dare bayan dare ba. Tseren yini ɗaya na sani: ka zuba duk abin da ke jikinka, ka koma gida ka kwanta. Wannan kuwa gobe ma akwai, jibi ma akwai. Abokin hawana ɗan nan garin ne, yaro mai kirki, kuma wajen fizga, wato gajeren gudu da dukan ƙarfi, ya fi ni nesa ba kusa ba. Shi ra'ayinsa mu buɗe wuta tun daren farko, mu kwashi maki, a san da mu. Ni kuma ƙarfina a dogon ja yake, ina tsoron mu ƙone kafin tsakiyar mako. Kocinmu mutum ne mai ƙarancin magana, abin da ya ce kawai shi ne mu daidaita tsakaninmu.

To yaya zan yi? Wace giya zan ɗaura wa keke? Barci fa, tunda da safe ina zuwa wurin koyon aikin lantarki, kuma hutun da aka ba ni bai kai makon duka ba? Sannan ga mahaifiyata. Wata maƙwabciya ta ba ta labarin cewa an taɓa mutuwa a filin nan, tun ranar ba ta sake tambayata zancen keke ba, kuma na san shirunta. Ina so ta zo ta kalla, amma ba na so in yi mata ƙarya cewa babu haɗari.

Bakano

Wa alaikumus salam. Allah ya ba da sa'a ƙanina. Amma don Allah ku fahimtar da mu da ke gida. Kwana shida kuna tuƙa keke ba tsayawa ke nan? Kuma gaskiya ne kekunan nan ba su da birki? Na gani a waya, mutum ya kama hannun ɗan'uwansa ya wurga shi gaba, ban gane ko faɗa ne ko taimako ba.

Kawu Bakanike

Wa alaikumus salam ɗana. Na daɗe ina gyaran kekuna a ƙasar nan, kuma na sha tsayawa a tsakiyar fili riƙe da taya ina jiran wanda tasa za ta fashe. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Fara da yadda ake ƙirga nasara, don a nan gardamarku da abokinka za ta mutu. A gasar kwana shida zagaye ne sarki, maki bawansa ne. Idan kun tsere wa ayari kuka zago kuka kamo shi ta baya, kun ci zagaye ɗaya, kuma duk wanda kuka fi da zagaye kuna gabansa ko da makinsa ya ninka naku. Maki ba ya raba gardama sai tsakanin waɗanda zagayensu ɗaya. A tsarin manya, duk maki 100 ana ba da zagaye ɗaya kyauta, shi ya sa ba a raina su. Ka nemi takardar dokokin rukuninku ka karanta da kanka, ka ga ko haka ne a wurinku. Abin da nake so ka riƙe shi ne, daren farko da na biyu ba a cin gasa, amma ana faɗuwa. Aikinku a dararen nan kada ku bari a zago ku. Wanda ya yi fizga uku don maki biyar-biyar, sannan ƙafarsa ta mutu daidai lokacin da manyan ƙungiyoyi suka tashi, ya sayar da zagaye ya sayi maki, kuma wannan ciniki asara ne.

Ba na cewa ka danne yaron. Kyauta ce Allah ya ba ka da ka samu mai fizga. Ku raba aikin: kai ka ɗauki dogon ja, ka wurga shi cikin tsere a wuri mai kyau saura zagaye biyu ko uku a buga ƙararrawa, shi ya ƙarasa. Amma ku zaɓi fizgar da za ku nema tun kafin ku hau, ba kowace ba.

Giya kuma, sassauta. Abin da kake ɗaurawa a Blaarmeersen ya yi wa Kuipke nauyi. A fili gajere kullum cikin tashi da lafawa kake, kuma giya mai nauyi gwiwa take ci, ba za ka ji ba sai dare na uku. A da abin da aka saba a irin wannan gasa shi ne haƙora 52 a gaba, 16 a baya, wato kusan mita bakwai a kowane juyin feda. Yaran yanzu sun fi son mai nauyi, na sani, amma ni da zan ɗaura maka, da sauƙi zan fara, in ka ga ƙafa tana nan a ƙarshen mako sai a ƙara. Kuma ka tambayi alƙalai ko akwai iyakar giya a rukuninku.

Yanzu miƙa hannu, wato canjin aiki tsakaninka da abokinka, wanda shi ne ainihin sana'ar. A gudun kilomita 50 a awa, zagayen Kuipke sakan 12 ne. Ke nan kana wurga abokinka, ka hau sama, kafin numfashinka ya dawo ya sake zagowa. Kamar lugude ne a turmi ɗaya: in ɗaya ta yi jinkirin ɗaga taɓarya, ɗayar ce za ta ji a hannu. Idan kai ne mai hutawa, ka tsaya sama da shuɗin layin da aka zana a kan katakon, ka tafi a hankali amma kada ka lafa har taya ta zame, don gangaren kwanar nan ba ya yafe wa mai tafiyar hawainiya. Ka waiga ka nemo rigar abokinka tun yana kwanar baya, ka gangaro ka ɗan ɗauki gudu, hannun hagu a miƙe ƙasa. Idan kai ne ke cikin tsere za ka miƙa, hannun hagu a saman kan keke kusa da tsakiya, ka kama shi da dama, ka ja da dukan jikinka. Duk miƙar da kuka rasa, mutum ɗaya ya yi aikin mutum biyu ke nan, kuma a dare na huɗu wannan ne ke kashe ƙungiya. Doka ɗaya kuma da ba na so ka manta ko a mafarki: idan wasu suna miƙa hannu a gabanka, ta sama ake wuce su. Kada ka taɓa kutsawa ta ƙasa, kada ka shiga tsakaninsu.

Kowace yamma kafin ka hau, ka duba tayoyinka da hannunka, ka goge su, ka ja sarƙa ka ji tsaurinta, ka tabbata goro ya ɗauru. Ko da bakanike ya duba, kai ma ka duba. Ni bakanike ne nake faɗa maka haka.

Zancen mahaifiyarka, gaskiya maƙwabciyar ta faɗa. A Nuwamban 2006 ne, Isaac Gálvez ɗan Sifaniya, wanda a shekarar yake riƙe da kambun duniya na wannan tseren na mutum biyu, ya yi karo da wani mahayi ya bugi ƙarfen gefen fili, ya rasu yana da shekara 31. Aka dakatar da gasar. Har yau mutanen garin nan ba su manta ba. Ka faɗa mata haka yadda yake. Ka kuma faɗa mata tun 1922 ake wannan gasa a Gent, kuma abin da aka fi gani shi ne ƙujewa da karayar ƙashin wuya. Ka nemi addu'arta kafin ka nemi zuwanta.

Malamin Tarihi

Bakano, ba faɗa ba ne, taimako ne. Mutum biyu ne ƙungiya, ɗaya yana cikin tsere ɗaya yana hutawa a sama, wurgawar ita ce canjin aiki, kuma da ita mai fita yake ba mai shiga gudunsa. Birki kuwa babu shi da gaske. Feda a haɗe take da tayar baya, muddin taya na juyawa ƙafa na juyawa. Rashin birkin kariya ne, don babu wanda zai tsaya kwatsam a gaban mutum ashirin.

Tambayarka ta farko kuma tana da tushe, don da can haka ake yi. A Landan aka fara a 1878, sannan abin ya bunƙasa a Amurka, a zauren Madison Square Garden na birnin New York. Mutum ɗaya ne zai yi ta zagaye dare da rana, ya yi barci in ya ga dama, wanda ya fi nisa shi ya ci. Kwana shida aka tsayar saboda ba a wasa ranar Lahadi. Mahaya sukan fita hayyacinsu don rashin barci, suna gane-gane, suna faɗowa daga keke. A 1896 wani matashi baƙar fata mai shekara 18, Major Taylor, ya shiga wannan azaba ya ƙare na takwas, kuma bayan shekara uku ya zama zakaran duniya a gajeren tsere a Montreal. Duk yaron Afirka da zai hau katako ya kamata ya san sunan nan.

A 1898 hukuma a New York ta hana mahayi wuce awa 12 a yini. Masu shirya gasa ba sa so fili ya zauna babu kowa, sai suka ce to a yi mutum biyu-biyu, suna karɓa-karɓa. Daga nan tseren ya samo sunansa Madison, Faransawa kuma suna ce masa na Amurka. Berlin ta fara nata a 1909. Yanzu da yamma ake farawa a tashi tsakar dare, kuma an cakuɗa wasanni: akwai na fitar da na ƙarshe, akwai zagaye ɗaya da agogo, akwai bin bayan ƙaramin babur da ake kira derni.

Ɗan Maraɗi, filin da za ka hau ba ƙaramin wuri ba ne. Patrick Sercu, wanda ya ci gasar kwana shida 88 a rayuwarsa, sau 11 ya ci a nan, wasu tare da gwarzon Beljiyam Eddy Merckx. Shahararren mahayin Birtaniya Bradley Wiggins a Gent aka haife shi, kuma a nan ya yi tserensa na ƙarshe a 2016, suka ci shi da Mark Cavendish. Mu ma a gida muna da fili irin wannan a babban filin wasa na Abuja, an yi gasar Afirka a cikinsa a 2022, kuma Ese Ukpeseraye ta hau wa Najeriya katako a wasannin Olamfik na Paris a 2024, da keken da Jamusawa suka ara mata. Abin yana yi mini ciwo cewa yaranmu masu ƙafa suna nan birjik a Kano da Zariya da Damagaram, amma yawancinsu ba su taɓa ganin katakon da ido ba.

Antin Bremen

Ƙanina, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma nakan yi aikin agajin gaggawa a wuraren wasanni. Kawu ya gama maganar keke, ni jikin zan yi wa magana, don shi kuka fi mantawa da shi ku matasa.

Maganar zuwa aiki da safe a makon nan, ka sake ta. Ka koma wurin maigidanka ka roƙe shi sauran kwanakin, ko da za ka biya da Asabar ɗin wata mai zuwa. Aikin lantarki ne fa. Mutumin da bai yi barci ba bai kamata ya taɓa waya mai wuta da safe ba, bai kuma kamata ya shiga tsakiyar kekuna marasa birki da yamma ba. Bayan tsere jiki ba ya yarda ya kwanta nan take, zuciya na bugawa, kunne na ƙara saboda kiɗa da ihun mutane. Za ka so ka tsaya kallon manya har ƙarfe ɗaya na dare, kowa zai so. Ka zaɓi dare ɗaya ka kalla, sauran ka tafi gida. Kofi da abin sha mai sa kuzari, in za ka sha, kafin tsere ne kaɗai.

Lokacin ma ya yi maka daidai. A ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar a wurinku, ba ta fitowa sai wajen takwas. Ka yi Magariba kafin ka fara ɗumama jiki, ka tashi Asuba ka yi salla ka koma ka kwanta, bayan Azahar kuma ka ɗan rintsa. Tsakiyar filin cike yake da masu shan barasa, ba wurin shimfiɗa darduma ba ne, don haka tun ranar farko ka nemi wani lungu a ɗakin canza kaya.

Abinci: babban cinka ya kasance awa uku kafin hawa, shinkafa ko taliya da ɗan nama ko ƙwai, ba mai da yawa, ba yaji da yawa. Kana saukowa kada ka jira sai ka isa gida, ka sa wani abu a ciki cikin rabin awa, madara da ayaba da dabino sun isa. Zauren yana da zafi da bushewar iska, za ka yi gumi fiye da yadda kake zato alhali waje sanyi ake. Ka riƙa duba launin fitsarinka, in ya yi duhu ruwa ya yi ƙaranci. Kuma kada ka gwada wani sabon abinci ko sabon gari na ƙarin ƙarfi a makon. Duk maganin da za ka sha, ko na mura ne, ka nuna wa likitan ƙungiya tukuna, saboda gwajin ƙwayoyi.

Sai abin da ba ku son faɗa. Kwanar nan tana danna mutum cikin sirdi, kai ma ka ce ka ji. Kurjin zama ya fitar da mahaya da yawa daga gasa alhali ƙafarsu lafiya lau. Wando mai tsabta kowane hawa, ka shafa man hana gogayya, kana gamawa ka cire ka yi wanka, kada ka zauna hira cikin jiƙaƙƙen wando. Ka sa 'yar shara a ƙarƙashin riga, in an faɗi ita ke rage ƙujewa. In kuwa ka faɗi kanka ya bugu, ko da hular kwano ba ta fashe ba, in ka ji jiri ko amai ko ka kasa tuna yadda abin ya faru, makonka ya ƙare. Kada abokin hawa ko koci ko kunyar 'yan kallo su mayar da kai kan keke.

Ka gaishe mini da Mama. In za ta zo, ka samo mata kujera a sama, kada a kai ta tsakiyar fili.

Mai Feda

Kawu, da girmamawa, a nan ɗaya ban bi ka ba. Tseren matasa gajere ne, ba kamar na manya ba da ke da awa guda ta ƙarshe ranar Lahadi don gyara lissafi. A daren farko kowa yana ɗari-ɗari da fili, miƙa hannu duk a hargitse, kuma a nan ne zagaye ya fi arha. Idan ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi suka tashi kai kana lissafin jibi, sun tafi ke nan, kuma ba za su sake barin ka ka motsa ba har ƙarshe. Ni shawarata, fizgar maki ku ƙyale ta da farko kamar yadda Kawu ya ce, amma in masu ƙarfi sun tashi neman zagaye, ku bi su ko da daren farko ne.

Kawu Bakanike

Ba mu saɓa ba ɗana, ka ma fi ni faɗar ta daidai. Bin wanda ya tashi daban, tashi da kanka kai kaɗai daban. Na farko tilas ne. Na biyun ne nake ce masa ya ajiye sai ya karanci fili da mutanen cikinsa. Ya san rigunan ƙungiyoyi ukun da suka fi haɗari tun kafin a busa, ya zauna kusa da su a cikin biyar na gaba. A Kuipke wanda ke baya ba ya ganin tashin, sai dai ya ji ihu.

Ɗan Maraɗi

Kawu, Anti, Malam, Mai Feda, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na fassara wa abokina maganar zagaye da maki, mun zauna da takarda mun raba aiki. Ya yarda fizga biyu kawai za mu nema a daren farko, ni kuma na yarda in manyan suka tashi ba zan tsaya lissafi ba. Mun roƙi koci ya ƙara mana lokacin gwajin miƙa hannu, ya ce zai nema mana. Giya zan fara da mai sauƙi.

Anti, na yi wa maigidana magana, ya ba ni sauran kwanakin, zan biya a Disamba. Mama kuma na faɗa mata labarin Gálvez da bakina, ban rage komai ba. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko yaron da zan riƙa kama hannunsa mai hankali ne. Na ce mata eh. Ta ce in kawo shi gida ya ci abinci ta gan shi kafin makon, sannan za ta yanke ko za ta zo.

Kawu, saura abu ɗaya. Tayoyina na gam ne, kuma tun bara aka liƙa su. In sake liƙa su yanzu, ko in bar su tunda ba su taɓa motsi ba? In sakewa ne, kwana nawa gam ɗin ke bukata ya kama kafin in hau da su?